Birki mai ABS da na tsohuwar mota: wanne ya fi a damina?

Ɗan'uwa, ka ce ranar ruwan farko ɗan adaidaita ya yanko maka a titin Zariya, ka taka birki, sai ka ji yana karkarwa ƙarƙashin ƙafarka, ka tsorata ka ɗaga. Kana tambaya ko tsohuwar Fijo 504 ɗinka da ba ta wannan karkarwa ba ta fi ba.

Birkinka lafiyarsa ƙalau, ABS ne ke aiki, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in ka taka birki. A Fijo, in ka danne birki da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin kan kulle, motar ta riƙa sulɓi. Nan ne tashin hankalin: tayar da ta daina juyawa ba ta jin sitiyari. Ko ka murɗa shi har ƙarshe, inda motar ta nufa can za ta. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke koya mana a taka a saki, a taka a saki. ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da shi a 1978, wannan aikin yake yi maka, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ƙafar ɗan'adam ba za ta iya ba. Don haka a sabuwar motarka, danne birkin ka riƙe, ka kauce da sitiyari. Ɗagawar da ka yi ita ce ta ba ni tsoro.

A kwalta dai ni na fi yarda da ABS nesa ba kusa ba, musamman ruwan farko, lokacin da ƙurar rani da baƙin mai suka kwaɓe titi ya yi santsi. Amma a yashi ko tsakuwa, irin lungunan unguwanninmu da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, yakan ɗan ƙara tazarar tsayawa.

Kuma duk biyun ba sa maganin gudu. A kilomita 60 cikin awa, motarka na cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, in ka ninka gudun kuwa tazarar birki ta ninku huɗu. Sulɓaɓɓiyar taya ma tana kashe amfanin ABS.

Gobe da safe in ka murɗa makulli, dubi fitilar ABS. Ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, lafiya. In ta zauna a kunne, kai wa bakanike. In kuma ba ta kamawa sam, a duba ko an cire ƙwan ne kafin a sayar maka.