Yoyon rufin motarmu mai ɗakin kwana da ɗanƙon da ya tsayar da shi

Bara na sayi tsohuwar Fiat Ducato mai ɗakin kwana a nan Hambug, irin wadda Jamusawa ke fita hutu da ita, da gado da ɗan kicin a ciki. A watan Oktoba, bayan an kwana uku ana ruwa, na tarar da katifar yara ta jiƙe ta gefe ɗaya, ga wani tabo ruwan ƙasa a silin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don bangon irin waɗannan motoci akwai katako a ciki, in danshi ya zauna sai ya ruɓe ba ka sani ba.

Neman ƙofar ruwan shi ya fi ba ni wahala. Inda yake ɗiga daban, inda yake shiga daban. Na hau tsani da tiyo, babban ɗana yana ciki da tocila. Daga ƙasa na fara, ina ba kowane wuri kamar minti goma: tagogin gefe, mahaɗar bango da rufi, gindin eriya. Shiru. Sai da na kai kan tagar rufi, mai faɗin santimita 40 kowane gefe, na ji ya ɗaga murya: "Baba, tsaya nan, ga shi yana gangarowa!" Tsakanin tagar da tabon ya kusa mita guda. Na'urar auna danshi ta nuna sama da kashi 20 cikin ɗari a katakon wurin, alhali busasshe ba ya wuce 15.

Wanda ya riƙe motar kafin ni silikon, wato ɗanƙon toshe kafa mai kama da roba, ya lafta a kewayen tagar. Ya tsage a kusurwa ɗaya, kuma babu abin da ke kama saman silikon, sai an kankare shi tas. Na kwance tagar gaba ɗaya, na kankare da abin kankara na roba don kada in ji wa rufin ciwo, na goge maiƙo, na rufe da leda har katakon ya bushe.

Dekaseal 8936 na yi aiki da shi, na kamfanin Dekalin. Ɗanƙon butil ne da ba ya taurare, yana nan da laushi kamar cingam, shi ya sa jijjigar hanya da sanyin hunturu ba sa tsaga shi. Na zagaya bakin tagar da shi da kauri ba tare da yankewa ba, na mayar da ita, na ɗaure sukurori a hankali har ya ɓullo ta ko'ina. Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran bayan aiki: washegari na dunƙula ɗan guntunsa, na riƙa dangwala shi a kan rarar, tana ɗagowa tana bin sa, rufin ya fita fes.

A sani dai, ba gam ba ne. Sukurori ke riƙe tagar, shi aikinsa toshewa kawai, saboda haka kada a liƙa farantin sola da shi. Yana kama hannu sosai, a sa safar hannu. A ranar sanyi kuma da ƙyar yake fita, sai da na ajiye kwalbar a ɗaki ta yi ɗumi.

Kwalba ɗaya mai mililita 310 ta ishe ni tagar. Hunturu ya wuce da ruwansa da ƙanƙararsa, na sake aunawa a watan Afrilu, danshin katakon ya sauko zuwa kashi 13.