Tiyatar rage ƙiba ga mai lupus: yadda ta kasance mini

Tiyatar ta yi aikinta. Ƙiba ta sauka, gwiwoyina sun huta, hawan jinina ya lafa har likita ya rage mini magani. Lupus kuwa, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kansa, yana nan daram, kuma duk wanda ya ce miki wannan aiki yana warkar da shi, bai san ciwon ba. Na ce "miki" ne domin a cikin masu lupus 10, kusan 9 mata ne.

Ƙibata ta firednisolon ce, maganin sitiroyid da nake sha saboda lupus. Shekaru ina shan sa, ga yunwar da ba ta jin bari, ga kumburin fuska, ga gaɓoɓi masu ciwo da ba sa barin mutum ya motsa jiki. Masu ba da shawarar "ki rage ci mana" ba su taɓa shan wannan magani ba.

An gabatar mini da aiki iri biyu. Na farko, a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a cire, ya zama siriri. Na biyu, a yi ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake wani sashe na ƙaramin hanji. Likitar lupus ɗina ta fi natsuwa da na farkon, kuma hujjarta ta gamsar da ni: rayuwata a kan ƙwayoyi take, shi kuwa na biyun yana iya sauya yadda jiki ke tsotse magani, sannan gyambo ya fi saurin fitowa a mahaɗar idan ana shan sitiroyid ko irin su ibufurofen.

Ba a taɓa ni ba sai da ciwon ya kwanta na tsawon watanni. An duba fitsari saboda ƙoda, an yi gwajin jinin da ke nuna ko ina cikin masu lupus da jininsu ke saurin daskarewa. Ranar aikin an ba ni ƙarin sitiroyid ta jijiya, tunda jikin da ya daɗe a kan firednisolon ba lallai ya iya samar da nasa ba idan wuya ta zo. Bayan sallama na riƙa yi wa kaina allurar tsinka jini a fatar ciki, duk wurin ya yi tabo baƙi-baƙi. A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi, sun yi ƙoƙari.

Inda suka gaza shi ne bayan an fito. Likitocin tiyata da likitar lupus ba sa magana da juna, ni ce 'yar aike, ina yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Takardar umarnin da aka miƙo mini ta kowa da kowa ce, babu layi ɗaya a kan mai shan maganin danne garkuwar jiki. Misali, haidiroksikulorokwin, ɗaya daga cikin magungunan lupus ɗina, da nauyin jiki ake auna shi, ba a son ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, saboda kare ido. Nauyina yana ta zubewa, adadin maganin yana nan yadda yake, kuma babu wanda ya ɗaga maganar a ɓangaren tiyata sai da likitar lupus ta ɗora ni a sikeli ta yi lissafi da kanta.

Shan maganin ma ya zama aiki. Ƙwayoyin safe da nake watsawa baki gaba ɗaya, a makonnin farko sai ɗaya bayan ɗaya, da ɗan kurɓin ruwa, ina jira kowace ta sauka. Kuma firednisolon ba a tsallake shi ko da ana amai, sai dai a koma asibiti.

Wajen wata na uku gashi ya fara cika matsefi, ga kasala. Hankalina ya tashi, domin haka lupus ke yi mini sallama idan zai motsa. Gwajin jini da fitsari ya nuna tiyatar ce kawai, gashin kuma ya dawo daga baya. Ƙwannafi ne bai tafi ba har yau. Ƙarin bitamin B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D kuwa na har abada ne, musamman a gare mu masu lupus da muke gudun rana, alhali da haskenta jiki ke samar da bitamin D, sitiroyid kuma ya riga ya rage wa ƙashi ƙwari.

Zan ba mai lupus shawarar ta yi, amma da sharaɗi: ciwon ya kwanta, ƙoda lafiya, kuma likitocin biyu su yi magana baki da baki kafin a sa rana. Mai son haihuwa kuma ta sani ana cewa a dakata wata 12 zuwa 18 bayan aikin kafin a ɗauki ciki.