Allon pikulbol ga mai son murza sabis: wanne ya kamata ka saya a Sakkwato?

Ranar Asabar bayan la'asar, a filin siminti da muke wasa nan cikin garin Sakkwato, ƙanena ya tare ni da allo biyu a hannu, nawa da nasa. Ya ce, "Yaya, mi yab bambanta wanga da wancan? Kai in ka buga sabis ƙwallo na dira sai ta zille, ni tawa sai ta tahi miƙe kamar an aike ta." Na ce ya shafa fuskar kowanne da babban yatsa. Nasa sumul kamar tangaran, nawa da ɗan kaushi kamar sabon saƙi. Ya tsaya yana jujjuya su, daga nan muka shiga maganar wanda zai saya.

Ga wanda bai san wasan ba: pikulbol wasa ne mai kama da tanis. Sabis shi ne bugun farko da ake aika wa abokin karawa, murza shi kuma shi ne sa ƙwallo ta tafi tana juyi. An ƙirƙiro pikulbol a 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington ta Amurka. Filinsa ƙafa 20 ne a faɗi, 44 a tsawo, daidai da filin badminton na 'yan biyu-biyu, shi ya sa bai yi mana wuyar samun wuri ba. Raga kawai ake saukarwa ta dawo inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Abin bugun kuwa mu allo muke ce masa, don ya yi kama da allon makaranta da aka ƙara wa wuya tsawo.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san inda doka ta tsaya, domin bidiyoyin da ke yawo a YouTube da yawa sun tsufa. A da 'yan wasa kan murza ƙwallo a jikin allo su saki, sannan su doka. Hukumar USA Pickleball, mai tsara dokokin wasan a Amurka, ta hana wannan a 2022. Sai aka koma murza ta da yatsun hannu ɗaya, shi ma aka hana a 2023. Yanzu dole ka saki ƙwallo ba tare da ka juya ta ba, duk juyin da za ta yi ya fito daga dukan allo. Ka ga ke nan fuskar allo ta zama babbar magana. Kuma ƙwallon nan roba ce mai tauri da huji-huji, ba ta da gashin ƙwallon tanis da igiyar raket ke kamawa. In fuskar allo ba ta cije ta ba, zamewa za ta yi.

Na farko cikin nau'o'in allo shi ne na katako, shi ne mafi arha, galibi ana sayar da shi biyu ko huɗu tare da ƙwallaye. Yana da nauyi, yana jure wahala, ya dace da yara da baƙon da ya zo gwadawa. Batun murzawa dai a bar shi.

Na biyu shi ne mai fuskar faiba gilas. Wannan yana da tsalle, ƙwallo na barinsa da ƙarfi, kuma shi ne irin na ƙanena. A nan ake yaudarar mutane, domin wasu kamfanonin kan fesa wani abu mai kama da rairayi a kan fentin. Ranar da ka ɓare shi daga leda za ka ji kaushi har ka yi murna, sabis ɗinka ya riƙa lanƙwasa. Amma feshi ne a sama, kowane duka yana kankare shi, kuma tsakiyar allo, inda ka fi bukata, ita ke fara yin sanƙo. Na taɓa sayen irinsa. Kafin damina ta fita tsakiyarsa ta koma ƙyalli, gefe-gefe kawai ke da sauran kaushi.

Na uku, wanda nake riƙe da shi yanzu, shi ne mai fuskar ɗanyen zaren kabon. Za ka ga an rubuta T700 a jikin kwalin, lambar wani nau'in zare ne da kamfanin Toray na Japan ya yi suna da shi. Baƙi ne, ba ya ƙyalli, kuma kaushinsa tun wajen ƙera fuskar aka dasa shi, ba fesawa aka yi daga baya ba. Shi ma yana cinyewa, kada wani ya ce maka har abada ne, sai dai ya fi feshi daɗewa nesa ba kusa ba. In ka shafo ƙwallo daga ƙasa zuwa sama kana jin yadda ya riƙe ta na ɗan ƙiftawar ido kafin ya saki, sai ta yi baka, ta nutse kafin layin baya, ta dira ta zabura gaba. Akwai kuma masu haɗa zaren Kevlar da kabon, masu launin ja ko shuɗi. Na buga da na wani sau biyu, ban ji abin da zai sa in ƙara kuɗi a kai ba.

Wani zai ce to me zai hana in manna takardar gugar katako a allona, ko in kai wa mai fenti? Doka ta haramta takardar guga, da roba, da fentin hana santsi a fuskar allo, kuma ta ƙayyade iyakar kaushin da fuska za ta kai. Ko a wasanmu na unguwa ranar da aka gane ka an daina yarda da kai.

Kauri ba ya ɗaukar dogon bayani. Cikin allo saƙar zuma ce ta roba, yawanci milimita 13 ko 14, ko kuma 16. Siririn ya fi tsalle, mai kaurin ya fi ba ka iko da inda ƙwallo za ta sauka. Mai koyon murza sabis kuskurensa kullum shi ne wuce layi, don haka 16 nake ba shi shawara.

Siffa ce ta fi raba kan mutane. Doka ta ce tsawo da faɗi in an haɗa kada su wuce inci 24, tsawo shi kaɗai kada ya wuce 17. Cikin wannan iyaka ake samun gajere mai faɗi, wajen inci 16 da 8, da dogo siriri, wajen 16.5 da 7.5. Dogon yana ba kan allo gudu kamar bulala, abin da murzawa ke so ke nan, amma wurin da duka ke daɗi a jikinsa ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi gajiyar da wuyan hannu. Wanda ya fito daga tanis zai ji daɗinsa tun ranar farko. Wanda ya fito daga ƙwallon tebur, irin yawancin samarinmu, gajeren zai fi zama masa a hannu, kuma su dama sun iya shafar ƙwallo, ba sai an koya musu ba. Nauyi ka nemi tsakanin giram 215 da 235. Mariƙi kuwa ka zaɓi siriri, wajen inci 4 ko huɗu da kwata a kewaye, domin yana sakin wuyan hannu, kuma in ya yi maka kaɗan ka naɗa masa ƙyallen riƙo. Mai kauri ba yadda za ka rage shi. Da zufar da muke yi a nan, ƙyallen nan dole ne ko ta halin ƙaƙa, ka sayi uku ka ajiye.

Irin sabis ɗin da kake so shi ma yana da ta cewa. In daga hannu za ka doka kafin ƙwallo ta taɓa ƙasa, tilas allo ya taso daga ƙasa zuwa sama, dukan kuma ya kasance ƙasa da ƙugu, wato murzar gaba, wadda ke nutsewa ta dira ta zabura gaba, ita ce ta fi sauƙi. In kana son yanka, wadda ke dira ta kwanta ko ta kauce gefe, yi sabis na saki: ka saki ƙwallo ta dira sannan ka doka. An fara gwada shi a 2021, kuma waɗancan sharuɗɗa ba su hau kansa ba. Yanka ita ke tona asirin allo mai santsi, ƙwallo sai ta tashi sama kawai ta zama sadaka ga abokin karawa.

Sai abin da kwalin ba zai gaya maka ba, don ba domin Sakkwato aka rubuta shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka sosai. Na bar allo a but tun hantsi na shiga babbar kasuwa, ban fito ba sai azahar. Robar da ta zagaye bakinsa ta ɗago, ban sake jin sautinsa daidai ba. Da hunturu kuma ƙura ke cike kaushin fuska tare da garin robar ƙwallo, har ka zaci allon ya mutu. Akwai wata roba da ake goge fuskar kabon da ita, kuɗinta kaɗan, ka haɗo da ita. Kuma a share fili kafin wasa, don ƙwallo mai juyi in ta dira kan ƙura sulɓewa take yi maimakon ta ciji siminti. Ƙwallon ma ka sayi ta waje mai huji 40, irin su Franklin X-40. Mai huji 26 ta cikin ɗaki ce, iskar hunturu wasa take da ita.

Kuɗi fa? Manyan allunan kamfanonin Selkirk da JOOLA kan kai dala 200 zuwa sama, ga kuɗin kawowa. Ƙananan kamfanoni irin su Vatic Pro na sayar da ɗanyen kabon a wajen dala 100. Ni a ganina bambancin da ke tsakani bai kai ninki ba ga mai wasan yamma, tunda dukkansu fuskar za ta cinye. In ka ga babban suna a farashin banza a kasuwar intanet, ka tuna araha ba ta ado. Duba sunan allon a jerin waɗanda USA Pickleball ta amince da su, yana shafinsu, sannan ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton fuskar daga kusa cikin hasken rana.

Ƙanena dai ya tsaya kan ɗanyen kabon mai milimita 16, gajere, na tsaka-tsakin kuɗi, yana jiran wani abokinsa ya taho masa da shi daga Abuja. Kafin nan nawa yake ara, kullum sabis na saki ashirin kafin a fara wasa. Jiya bakwai suka faɗa cikin layi, biyu daga ciki sun zille har na kai wa iska duka.