Heyford da Martin B-10: sa'o'in juna, amma kamar kaka da jika

Ɗan uwa, ka tambaya ko da gaske Handley Page Heyford na Ingila da Martin B-10 na Amurka, jiragen sama masu jefa bama-bamai, sa'o'in juna ne, tunda a hoto ba su yi kama ba, kuma wanne ya fi. Sa'o'i ne kuwa. Heyford ya fara aiki a ƙarshen 1933, B-10 a 1934, kowanne da inji biyu.

Sake duba hoton Heyford. Fukafukinsa hawa biyu ne, gangar jikin kuma an liƙa ta da na sama, shi ya sa matuƙin ke zaune can ƙololuwa, kansa a waje, iska na dukansa. Bama-baman suna cikin tsakiyar fiffiken ƙasa, kusa da hannun masu loda su. Tayoyinsa ba sa naɗewa. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani ɗan keji mai kama da kwandon shara, wanda ake saukowa da shi da mai bindiga a ciki. Ni dai ko nawa za a ba ni, ba zan zauna a ciki ba. Iyakar gudunsa kilomita 229 ne a awa.

B-10 kuwa fiffike hawa ɗaya ne, jiki duk ƙarfe, ma'aikata a rufe cikin gilashi, bama-bamai a cikin ciki, tayoyi na shigewa in ya tashi. Yana kaiwa kilomita 343 a awa, har ya fi jiragen farauta (masu kakkaɓo jirage) da yawa na lokacin sauri. A 1934 Henry Arnold, wani hafsan sojan Amurka, ya jagoranci guda 10 daga Washington zuwa Alaska suka dawo, daga baya kuma Holan ta yaƙi Japan da irinsu a Indunusiya ta yau.

To a yaƙi, babu gardama, B-10 ne gaba, don masu ƙera jiragen da suka biyo baya hanyarsa suka bi. Heyford da dare ya dogara, duhu ne garkuwarsa, kafin 1939 ta ƙare kuma an janye shi daga sahun gaba.

Amma tsohon bai tafi hannu rabbana ba. Ranar 26 ga Fabrairu 1935, kusa da garin Daventry na Ingila, Heyford aka tura ya ratsa siginar rediyon BBC, masana kimiyya Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suna cikin wata motar kaya suna kallon na'ura, suka ga alamarsa ta fito. Daga wannan gwaji Ingila ta duƙufa kan rada, wato na'urar hango jirage daga nesa da siginar rediyo.