Gargaɗi: ku kiyayi mai "gasar golf" da ƙwallayen jabu da ke yawo cikin guruf-guruf na Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya san yana cikin guruf ɗin WhatsApp na masu wasan golf, ko yana da ɗan uwa ko aboki da ya fara sha'awar wasan, ya tura mishi wanga saƙo tun kafin a kwashe mishi kuɗi.

Akwai wani mutum da ya ɓullo kwanan nan, yana cewa wai shi wakili ne na masu shirya gasa daga waje, wai za a yi gasar sada zumunci ta ekip-ekip, mutum huɗu huɗu, za a haɗa 'yan Maraɗi da 'yan Yamai da wasu daga Kano da Katsina. Ya iya baki wallahi, kuma ya san sunayen abubuwa, yana ta zuba Faransanci da Turanci, ga hotunan fili kore shar da kofi da manyan mutane sanye da hula wanda ko shakka babu daga intanet ya kwaso su. Sharaɗinsa biyu ne. Kowace ekip ta tura jika 40 na rajista ta lambar waya, sannan kowane ɗan wasa dole ya sayi dozin ɗin ƙwallo a hannunsa, wai Titleist Pro V1 ce ta asali, jika 15, domin a cewarsa an canza doka, tsofaffin ƙwallaye duk an haramta su, wanda ya zo da tasa za a kore shi a fili.

To a nan ƙaryar take, kuma a nan nake son mu tsaya, domin da rashin sanin doka yake cin mutane. Mu nan ba mu da yawa, galibi 'yan kasuwa ne da ma'aikata da suka koyi wasan a tafiye-tafiye, muna ɗan bugawa a filin ƙasa bayan gari ranar hutu, ba kowa ya taɓa buɗe littafin doka ba, shi ya sa da ya ce "sabuwar doka" sai kowa ya yi shiru kada a ce bai waye ba.

Masu kafa dokar golf a duniya hukuma biyu ce, R&A da ke St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. Gaskiya ne a watan Disamba na 2023 sun sanar da cewa za su canza yadda ake gwada nisan da ƙwallo ke tafiya, saboda manyan 'yan wasa sun fara buga ta nesa fiye da kima, amma ba su ce abin zai fara aiki kafin 2028 ba, kuma masu wasan nishaɗi irinmu an ce su ci gaba da ƙwallayensu har 2030. Ke nan ya ɗauki labari na gaskiya ya murɗe shi ya mayar da shi tarko. Abin da doka ta ce kan ƙwallo a sauƙaƙe shi ne, kada nauyinta ya wuce giram 45.93, kada kaurinta ya gaza milimita 42.67, sai sauran gwaje-gwaje na gudu da nisa da kamfani ke yi tun kafin ta fito kasuwa. Babu inda aka ce sai ta kamfani kaza, balle a ce sai a hannun mutum kaza.

Akwai jerin ƙwallayen da aka amince da su, ana sabunta shi kowane wata, kowa na iya duba shi kyauta a shafin hukumomin nan. Kwamitin gasa na iya cewa sai ƙwallon da ke cikin jerin, akwai ma wata ƙa'ida da ke cewa irin da ka fara da ita da ita za ka gama, amma waɗannan zaɓi ne da ake sawa a manyan gasa, kuma ko an sa su, jerin nan ɗauke yake da kamfanoni birjik, Callaway, Srixon, Bridgestone, TaylorMade, Wilson da sauransu. Gasar zumunci da ake haɗa ekip kowa ya buga sannan a zaɓi bugun da ya fi kyau duka su ci gaba daga wurin, wane ne zai tsaya bincikar tambarin ƙwallonka? Ai ko dokar wasan ma sassauta ta ake yi dan a yi raha.

Sai maganar kayan nasa. Ɗaya daga cikin abokan wasanmu, wani Alhaji mai shagon kayan gini, ya riga ya saya kafin labari ya bazu, ya kawo mana muka duba. Kwalin dai ka rantse na gaske ne in ka hango daga nesa, dozin ɗaya, ƙananan kwali huɗu kowane da ƙwallo uku kamar yadda aka saba. Amma da ka riƙe ƙwallon sai ka ji fatar ta yi tauri da santsi, ita kuwa Pro V1 ta asali fatarta mai ɗan laushi ce, in ka danna farce kana jin tana ɗan kamawa. Rubutun tambarin ya yi kauri, ya ɗan baje, wata ma ya karkace, kuma ana ganin layin haɗi ya zagaye tsakiyarta ɓaro-ɓaro. Muka kai wajen mai sayar da zinariya ya aza su kan ɗan sikelinsa, kowace da nata nauyi, har akwai wadda ta haura giram 46. Daga ƙarshe aka sa zarto aka raba ɗaya biyu, sai ga dunƙulen roba guda da fata a kai, shi ke nan, alhali Pro V1 hawa uku ce, ƙwaya a tsakiya, da wani siririn rufi, sannan fata, 'yar uwarta Pro V1x kuma hawa huɗu.

Kuma ko ba a yanka ba, kuɗin kaɗai ya isa ya tada hankalin mai tunani. Dozin ɗin Pro V1 sabo a Amurka kanta ya haura dalar Amurka 50, in ka juya shi ya kusa ko ya kai jika 30 na sefa, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa duwan ba, ba a sa ribar mai kawowa ba. Ta ina za ta iso Maraɗi a jika 15? Da aka tambaye shi sai ya ce wai ragowar kaya ce ta wata gasa aka ba shi. Mu da muka tashi cikin kasuwa, muka san hanyar Jibiya da Ɗan Isa da abin da ke bi ta cikinta, bai kamata a yi mana wagga ba, araha dai an ce ba ta ado.

Wani abin haushi ma, ko ta gaske ce ba ita ta dace da mu ba. An yi ta ne dan masu buga ƙwallo da ƙarfi da ƙwarewa a kan ciyawa mai laushi, inda ake son ta juya ta tsaya cak kusa da rami. A ƙasarmu mai tsakuwa da rairayi da ƙaya, bugu kaɗan fatar ta kwarzane, in kuma ta faɗa cikin geza ko gonar wani ka yi ta nema, kuma minti 3 kacal doka ta ba ka tun 2019, da can 5 ne. Ƙwallo mai hawa biyu mai taurin fata ita ce daidai da mu, ta fi araha nesa ba kusa ba, ta fi jure wahala, kuma mai koyo ba zai ji wani bambanci ba. Ko ta hannu ce wadda aka tsinto aka wanke ba laifi, matuƙar mai sayarwa ya faɗa maka ta hannu ce kuma ba ta tsage ba. Abin da ya fi tambari muhimmanci a wasan ekip shi ne kowa ya sa wa tasa alama da alƙalamin maka, ɗigo ko harafin sunansa, domin in ka bugi ƙwallon wani a wasan ƙidayar bugu, inda mai ƙarancin bugu ke cin wasa, bugu biyu za a ƙara maka, kuma rigimar da muke yi a fili kusan duk daga nan take tasowa.

Game da ita gasar, an tambaye shi a wane fili, ya ce za a sanar. Wane kulob ne ya ɗauki nauyi, ya ce sirri ne sai an kammala rajista. Aka ce ya turo takardar sharuɗɗa, ya turo hoto ɗaya da ba sa hannu ba hatimi ba kwanan wata. Wani daga cikinmu da ke da sanayya a Kano ya kira abokan wasansa can, suka ce ba su taɓa jin labarin ba. Lambar da ake tura kuɗin kuma sunan da ke fitowa ba shi ne sunan da yake amfani da shi a guruf ba, da aka yi magana sai ya ce ta ƙanensa ce. Tun daga ranar da aka sa hoton ƙwallon da aka yanka ya fice daga guruf ɗinmu, amma mun ji ya shiga wasu da wata sabuwar lamba, har yana bin mutane ta Facebook, musamman matasa 'yan jami'a da ke ganin wasan na manya ne suna son shiga.

Ban sa sunansa ko lambarsa a nan ba saboda maganar ta riga ta je hannun hukuma. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge komai, ya adana resin turawa da hotunan hirarsu da saƙon murya, ya tafi komisariya da su, in ya sayi ƙwallayen ya haɗa da kwalin. Kada kunya ta hana ka, Alhajin da na ambata ma da kansa ya je. Wanda kuma bai tura ba, in an zo maka da maganar gasa ka nemi sunan fili da ranar wasa da sunan kwamiti, ka kira kulob ɗin da bakinka, kuma kada ka biya ko dala sai ka ga takarda. Masu kula da guruf don Allah ku riƙa tantance sabbin lambobi kafin ku sa su.