Jama'a a yi hattara da masu tallan tishat mai kauri a Instagram

Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa na zauna rubuta wannan, don na ga shafin da ya cuce ni har yanzu yana ta talla, samari kuma na ta tambayar farashi.

Kowa ya ga yayin da ake yi yanzu: tishat mai kauri, mai faɗin kafaɗa, launinta a ɗan koɗe kamar an daɗe ana sa ta, wadda ake ce wa bintej. Ni ma ina sonta, saboda tana zama a jiki ba ta manne wa mutum, kuma in auduga ce ta gaske tana shanye gumi ko da a zafin Afrilu na Kano. Na ga wani shafi yana tallanta, hotuna tsaf, an rubuta auduga zalla, 240 GSM (awon kaurin yadi), uku a naira 27,000, kuɗin mota daban. Na bi mai shafin ta WhatsApp, na tambaye shi har sau biyu ko da gaske auduga ce. Ya turo murya yana cewa, "Haba oga, wallahi in ka taɓa ta sai ka ƙaro. Saura kala biyu, in ba ka tura yau ba gobe babu." Asusun da ya bayar sunan wata mace ne a kai, ba sunan shagon ba. Ya ce na matarsa ne. Na tura.

Bayan kwana huɗu direba ya kira ni, na je tasha na karɓo. Tun a hannu na ji ledar sakayau. Da na buɗe sai na ga yadin ya yi ƙyam, har yana ƙara kamar sabuwar shadda, hankalina ya ɗan kwanta. Ashe sitaci aka dafka masa. Wanki ɗaya ruwan bokiti ya yi baƙi ƙirin, wuyan rigar ya saki ya zama kamar bakin buhu, ɗinkin gefe ya karkace ya dawo gaba. Na ɗaga ta a rana, ina ƙirga yatsuna ta bayanta.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Wannan GSM ɗin da suke rubutawa ba ado ba ne, awo ne: nauyin giram nawa murabba'in mita ɗaya na yadin yake da shi. Tishat mara kauri tana kamawa daga 120 zuwa 150, matsakaiciya 160 zuwa 190, mai kauri kuma daga 200 zuwa sama. Riga mai girman L tana cin yadi kusan murabba'in mita ɗaya, ke nan in an ce 240 ce, ita kanta ya kamata ta kai wajen giram 240 ko fiye, balle irin wannan mai faɗi. Ƙanwata tana yin kek na sayarwa, tana da ƙaramin sikeli. Na naɗe rigar na ɗora, ya nuna 138. Rabin abin da na biya wa ke nan da ɗan ɗoriya.

Daga nan na zaro zare daga cikin ɗinkin ƙasa, na riƙe da almakashi na kusantar da ashana. Auduga in ta kama wuta tana ci kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta mai laushi, kana murzawa ta watse. Wannan kuwa tsukewa ya yi ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. Roba ce, alhali a wuyanta an manna tambarin auduga ɗari bisa ɗari. Ku sani tambarin nan a dami ake sayar da shi, kowane tela zai iya ɗinka shi.

Ita ma kalmar bintej suna cin kasuwa da ita. Akwai tsohuwar riga ta gaske, irin wadda mai sa'a kan tsinta in an fasa dilar gwanjo a Ƙofar Wambai. Waɗanda aka ɗinka a Amurka kafin tsakiyar shekarun 1990 yawanci layin ɗinki ɗaya ne a bakin hannu da ƙasa, na yanzu kuma biyu. Akwai kuma sabuwa da aka koɗar a masana'anta don ta yi kama da tsohuwa, wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya. Abin da aka aiko mini ba ya cikin ko ɗaya, rini ne mai arha a kan roba.

Na tura masa hoton sikelin. Ya ce yaron shago ne ya yi kuskure, in ƙara naira 3,500 na mota a sauya mini. Na ce ya dawo mini da kuɗina in mayar masa da kayansa. Tun daga nan saƙona bai ƙara shiga ba. Da na ba da labari a majalisa, wani abokina ya ce ai ni na yi sa'a, ƙaninsa ɗalibi ya tura kuɗin riga biyu daga kuɗin abincinsa, ko leda bai gani ba. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Don Allah kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka ce ya yi maka bidiyo yanzu, ya ambaci sunanka, ya ɗora rigar a sikeli, ya ɗaga ta a haske, ya ja wuyan ya saki ka ga ko zai koma. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan. Ka shiga bayanin shafin, Instagram yana nuna lokacin da aka buɗe shi da sau nawa aka sauya masa suna. Ka saka hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito, ni da na saka nasa a shafin wani shago na ƙasar waje na gan shi. In kana Kano kuwa, ka taka zuwa Kwari ko Sabon Gari ka taɓa da hannunka, ko ka aiki wanda zai taɓa maka.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya goge hirar. Ya ajiye rasit da hotuna, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ni na kai nawa. Shekaranjiya na leƙa ta wayar ƙanwata, shafin ya sauya suna, an rufe wurin sharhi, amma hotunan nan ne dai, kuma uku har yanzu naira 27,000.