MedlinePlus a hannun mara lafiyan karkara: inda yake amfani da inda yake tuntuɓe

Mutumin da asibiti ya yi wa nisa, idan ya dawo gida da takardar gwaji da ƙullin magani, yawanci wayarsa ce abokiyar shawara. Ma'aikacin lafiya ya yi bayani a gurguje saboda layi, komawa a sake tambaya kuma sai an ɓata yini guda a hanya. Sai ya rubuta sunan maganin a Google, abin da zai fara cin karo da shi kuwa sau da yawa talla ne, ko bidiyon wani mai sayar da haɗi. Da irin wannan mutum a zuciya muka auna MedlinePlus, shafin bayanan lafiya na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na gwamnatin Amurka, wanda aka buɗe a 1998. Adireshinsa medlineplus.gov.

Abin da ya fara burge mu shi ne babu talla ko ɗaya, ba a biyan kuɗi, ba a neman ka yi rajista. Yawancin shafukansa rubutu ne, don haka ba sa cin data sosai, suna kuma buɗewa ko da sabis ɗin na rarrafe. Akwai bayanin cututtuka sama da 1,000, da sashen magunguna, da na gwaje-gwaje. Sashen magunguna ne ya fi ƙarfi. Kusan kowane magani an bi tsari ɗaya wajen bayaninsa: me ya sa ake ba da shi, yadda ake sha, abin da za ka gaya wa likita kafin ka fara, abin yi idan ka manta ba ka sha ba, da illolin da idan ka gani dole a garzaya asibiti. Waɗannan su ne tambayoyin da ke faɗo wa mutum bayan ya riga ya iso gida.

Sai dai an rubuta shi ne don Ba'amurke, kuma nan ne mai karatu daga wata ƙasa ke yin tuntuɓe. Fara da suna. Kada ka nemi magani da babban sunan kamfani da ke jikin kwali, ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, shi ne sunan sinadarin. Ko shi ɗin ma yakan bambanta: paracetamol a can acetaminophen ne, salbutamol na masu asma albuterol ne, glibenclamide na ciwon suga glyburide ne. Maganin da ba a sayarwa a Amurka, irin su gliclazide, kada ka yi mamaki idan ba ka same shi ba, kuma rashinsa ba ya nufin jabu ne.

Ma'auni ya fi suna haɗari. Ɗauki mai takardar gwajin suga na safe kafin a ci komai, an rubuta masa 7.8. Ya buɗe shafin, ya ga ana cewa ciwon suga daga 126 yake farawa, sai hankalinsa ya kwanta, ko ma ya ɗauka sugansa ya faɗi ƙasa ya fara neman abin zaƙi. Alhali ma'aunin suga iri biyu ne: takardarsa da mmol/L aka rubuta ta, shafin kuwa da mg/dL yake magana. Ana ninkawa ne da 18: 7.8 ya zama kusan 140, wato ya haura iyaka. Saboda haka kafin ka kwatanta lamba da lamba, ka duba haruffan da ke gefenta. Zafin jiki ma haka: 100.4 a ma'aunin Fahrenheit shi ne 38 a Celsius, ka cire 32 ka raba da 1.8. Nauyi idan da fam aka rubuta, ka raba da 2.2 ya koma kilo.

Inda muka fi jin tsoro shi ne maganin yara na ruwa. Paracetamol ɗin yara a Amurka miligiram 160 ne a cikin mililita 5, kuma da wannan ƙarfin ake lissafin awo a can. Kwalaben wasu ƙasashe suna zuwa da 120 ko 125, wasu har 250 a cikin mililita 5 ɗin. Uwar da ta kwafi adadin mililita daga waya ta auna daga kwalbar 250 ta ba ɗanta ninki ɗaya da rabi na abin da ake nufi, har da ɗoriya, hanta ce kuwa ke ɗaukar wannan nauyi. Awo na jikin kwalbarki da bakin ma'aikacin lafiya, kuma da sirinji ko murfin awo ake auna shi, ba da cokalin gida ba. A nan shafin ya yi abin yabo: ya ja kunne ƙarara cewa babba kada ya wuce miligiram 4,000 a rana, kuma magungunan mura da yawa akwai paracetamol a cikinsu, sai mutum ya sha biyu bai sani ba.

Hawan jini ma akwai saɓani. Tun 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka saukar da iyaka zuwa 130/80, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana kan 140/90. Mai 134/84 zai iya karantawa ya ɗauka an ɓoye masa ciwo. Ba ɓoyewa ba ne, kuma ba dalilin sayen magani a kemis ba ne. Ya ci gaba da awo, ya rubuta lambobin da kwanan wata, ya kai wa mai duba shi. Lambar gaggawa ta 911 da za ka riƙa gani ita ma ta can ce.

Babban cikas shi ne harshe, domin Turanci da Sifaniyanci ne ginshiƙinsa. Burauzar Chrome za ta iya juya shafin zuwa Hausa, kuma fassarar takan isa a gane inda zance ya dosa. Amma duk jimlar da ke da lamba, ko "sau nawa a rana", ko "kada", a nemi wanda ya iya Turanci ya karanta ta a asalinta. Kalma ɗaya idan ta salwanta a fassara, umarni yakan juye.

Wata dabara mai amfani ga wanda sai ya hau tudu yake samun sabis: idan shafin ya buɗe a Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin zai zauna a wayar, ka karanta shi a gida ba tare da data ba, ka kuma nuna wa ma'aikacin lafiya layin da ya ɗaure maka kai.

A ganinmu shafin ya cancanci a amince da shi wajen fahimtar abin da aka riga aka gaya maka: sunan ciwo, magani, ko sakamakon gwaji. Ba zai gano maka ciwo ba. Zazzaɓi da ciwon kai suna cikin alamomin cututtuka masu tarin yawa, kuma zazzaɓin cizon sauro sai da gwajin jini ake tabbatar da shi, ba da karatu ba. Akwai kuma lokutan da buɗe waya ɓata lokaci ne: yaro yana jijjiga, mai ciki tana zubar da jini, saran maciji, baki ya karkace ko hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, jaririn da bai kai wata 3 ba zafin jikinsa ya kai 38. A nan abin hawa za a nema, a tafi da kwalayen duk magungunan da mara lafiyan yake sha.